A Ba Mai Kitso Kujera

Muna miƙa gaisuwa ga mutanen Ladji da Vossa da ke bakin tafkin Nokuwe, da 'yan'uwanmu na Zango, da duk wanda ya kama mu yana cikin hada-hadar kasuwar Dantokpa a nan Kwatano. Shirinmu na yau na masu gyaran kai ne: iyayenmu da ƙannenmu masu kitso, samari masu aski da kilifa, masu wanke gashi da busar da shi, da kuma 'yan koyo, waɗanda su ke buɗe shago da safe, su ke share shi da dare. In rediyon nan yana kan kanta a cikin shago, Hajiya, a ɗan ƙara masa murya, don maganar taku ce. Za mu yi magana a kan ciwon ƙafa, wanda kusan duk mai wannan sana'a ya san shi, amma ba kasafai ake kai kukansa ko'ina ba, saboda an riga an sallama cewa haka sana'ar ta gada. Abin da nake so in tabbatar muku da hujja shi ne, yawancin wannan ciwo tsarin shago ne ke haifar da shi, wato tsayuwa wuri guda a kan siminti tun hantsi har dare, kuma maganinsa mafi araha yana hannun mai shago: kujera, da izinin zama a kanta.

Mu fara duba yadda aikin yake. Mace ta zo a yi mata ƙananan kitso da ƙarin gashi, irin wanda ake sayowa a ƙunshe daga kasuwa. Ta zauna a kujera tana fuskantar madubi, yara biyu ko uku sun kewaye kanta, wannan tana tsaga, wannan tana kitsawa, waccan tana miƙo gashi tana ƙarasa jela. Irin wannan kitso yakan ci awa biyar ko shida, wani ma ya wuce haka. Hannuwa suna ta aiki, baki yana ta hira, amma ku dubi ƙasa. Ƙafafun nan ba su matsa daga inda aka dasa su ba, sai dai a jingina nauyi a kan ta dama, in ta gaji a mayar kan ta hagu. A ƙarƙashinsu siminti ne ko tayil, tsakaninsu da shi kuma silifa ce ta roba wadda diddige ya riga ya lotsa ta. A jajibirin sallah, da makon biki, da ƙarshen Disamba, ana sauke wannan kai a kama wani, har kiran asuba ya riski mutane a tsaye. Kafin a rufe shago idon sawu ya kumbura, igiyar silifa ta bar shatinta a kan fata, tafin ƙafa yana raɗaɗi, sha-raɓa ta ɗaure. Amma babbar alamar da safe take zuwa. Mutum ya farka, ya sauko da ƙafa zai ɗauki buta, takun farko sai ya ji suka a ƙasan dunduniya ta wajen ciki, har sai ya dafa bango. Ya ɗingisa taku goma ko ashirin, abin ya lafa, ya ce ai ya wuce. Bai wuce ba, jijiya ce ta ɗan saki, kuma gobe da asuba yana nan yana jira.

Ga abin da ke faruwa a ciki. A kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, kuma ba a shimfiɗe suke ba, a lanƙwashe suke. Shi ya sa in ka taka jiƙaƙƙen yashi za ka ga tsakiyar sawun ta wajen ciki bai fito sosai ba. Abin da ke riƙe da wannan lanƙwasa wata jijiya ce mai faɗi da tauri, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ku ɗauke ta kamar tsirkiyar baka: ƙasusuwan su ne bakan, ita ce ke hana shi miƙewa. Duk lokacin da mutum ya tsaya, nauyinsa yana danne bakan, tsirkiya tana ja. In tafiya ake yi, ja ne da saki, ƙafa ɗaya na ɗauke da nauyi ɗaya na hutawa a sama. In tsayuwa ce cik, ja ne babu saki. Yau da gobe, wurin da jijiyar ta manne da ƙashin dunduniya sai ya fara samun ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Da dare, ƙafa na kwance, jijiyar ta takure, jiki ya fara gyara, sai takun farko na safe ya fizge wurin da bai gama warkewa ba. Daga nan sukar take fitowa. Wasu in aka yi musu hoton ƙashi aka ga ɗan tsiro a dunduniya, sai hankalinsu ya tashi, su ce ƙaya ce ta fito musu, sai an yanke. A kwantar da hankali. Mutane da yawa suna da wannan tsiro ba su taɓa jin ciwo ba, kuma kimanin 8 ko 9 cikin 10 na masu ciwon dunduniya irin wannan suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da an yi musu aiki ba, in dai an rage wa ƙafar abin da ke wahalar da ita.

Kumburi kuwa labarinsa daban, na jini ne. Zuciya tana tura jini ƙasa cikin sauƙi, dawowar ce aiki, don hawa ne tun daga tafin ƙafa har ƙirji. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa jijiyoyin da ke mayar da jini wasu ƙananan marufai da ke buɗewa sama kaɗai, ya kuma ratsa da jijiyoyin ta tsakiyar naman sha-raɓa. Duk takun da ka yi, naman nan yana matse jijiya, jini ya haura, marfi ya rufe a bayansa. Masana sun auna wannan. Mutumin da ya tsaya cik, ƙarfin jinin da ya taru a jijiyar idon sawunsa yakan kai wajen 90 a irin ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi, amma da zarar ya yi 'yan takun tafiya sai ya faɗo zuwa wajen 30 ko ƙasa da haka. Mai kitso da ta yi awa shida a dashe, jijiyoyinta sun yi awa shida a cike tam, ruwa yana tsattsafowa daga cikinsu zuwa nama, kumburin ke nan. In aka shekara da shekaru a haka, jijiyoyin sukan buɗe, marufan su daina rufewa da kyau, sai ka ga jijiya ta fito a murɗe a bayan ƙafa, fatar ƙwauri ta yi duhu tana ƙaiƙayi, a wasu ma har ta fashe ta zama gyambon da ke daɗewa bai warke ba. Juna biyu, da yawan haihuwa, da ƙiba, da gado, duk suna ƙara saurin wannan, kuma ai mata masu shekarun haihuwa su suka fi yawa a shagunan kitso.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarar 1700 wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, ya ware babi ga masu aiki a tsaye, ya kuma lura cewa su ne jijiyoyin ƙafa ke yawan kumbura wa. Shi ne ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. A 2003, Daniel Riddle da abokan aikinsa a Amurka suka kwatanta mutum 50 masu wannan ciwon dunduniya da mutum 100 marasa shi, suka tarar cewa wanda ke yin mafi yawan ranar aikinsa a kan ƙafa, haɗarin kamuwarsa ya haura ninki uku, mai ƙiba sosai kuma ya haura ninki biyar. A ƙasar Denmak an bi diddigin dubban ma'aikata har shekara 12, aka wallafa sakamakon a 2005: waɗanda ke yin kashi uku cikin huɗu na lokacin aikinsu a kan ƙafa, haɗarin a kwantar da su asibiti saboda kumburin jijiyoyi ya kusa ninka na sauran sau biyu. Na san wani zai ce ai wannan binciken Turawa ne, jikinmu ya fi nasu juriya. To, ƙashin ƙafar Bature 26 ne, na Bahaushe da Bayarabe da mutumin Fon ma 26 ne, jini kuma ba ya hawa tudu da kansa a jikin kowa. In ma akwai bambanci, mu ya kamata ya fi tsorata, don ma'aikacin Denmak awa 37 yake yi a mako, mai kitso a Ladji kuwa a makon sallah tana iya cinye wannan adadi cikin kwana uku.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, iyaye da kakanni sun yi wahalar da ta fi wannan ba su yi ƙorafi ba, yaran yanzu ne ragwaye. Gaskiya ne sun yi wahala, amma a duba irin wahalar. Manomi yana tafiya yana sunkuyawa yana miƙewa. Mai talla da ke ɗauke da tire daga Ladji zuwa Dantokpa tana gajiya ƙwarai, amma kowane takunta yana tura jini sama. Gajiyar tafiya daban, illar tsayuwa cik daban, kuma ma'aunin nan na 90 da 30 shi ne shaida. Sannan mu tambayi kanmu, yaushe ne ma aka fara kitso a tsaye? Kitson da muka gada, na shuku da doka da zane, a zaune ake yinsa. Mai kitso tana kan 'yar kujera ko kan tabarma, wadda ake yi wa tana ƙasa a gabanta, kai a kan cinya, in an gama gefe guda a juya. Wanzami ma haka: ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe zabira, ya wasa aska, su zauna shi da wanda ake yi wa askin, ba wanda ya tsaya a kan wani. Tsayuwar nan ta zo ne tare da kayan shagon zamani, doguwar kujera da madubin bango, waɗanda aka tsara don jin daɗin wanda ya zo, ba a yi la'akari da wanda ke bayansa ba. Mun ɗauko kujerar da madubin, muka bar abin da ke tare da su a inda aka kula da lafiyar ma'aikaci, wato kujerar da ake ɗagawa a sauke, da 'yar kujera mai taya ta mai aikin, da shimfiɗa mai laushi a ƙasa. Don haka wanda ya ce a zauna a yi kitso bai kawo baƙon abu ba, abin da kakanni suke yi ya ce a koma wa.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi, don ta shafi tarbiyya. Mai shago za ta ce, yarinyar da ke koyo ba ta zama alhali uwar ɗakinta tana tsaye, kuma baƙuwa in ta shigo ta ga yara a zazzaune za ta ɗauka shagon ba shi da tsari. Ba na raina wannan magana, ladabi abu ne mai daraja, kuma shagon da babu tarbiyya ba ya fitar da gwanaye. Amma mu duba al'adarmu da kyau. A wurin Bahaushe, girmamawa ƙasa ake yi da ita: ana durƙusawa a gai da babba, ana zama a ƙasa a gabansa, yaron da ya tsaya ƙerere a kan manya shi ake tsawata wa. To daga ina muka samo cewa tsayuwa ita ce ladabi? Ba mu kaɗai muka faɗa wannan tarko ba. A Ingila sai da aka yi doka a 1899 a kan a ajiye wa mata masu aikin kanti kujeru, Faransa ta yi tata a Disambar 1900, ƙasar Chile ta yi a 1914. Hukumar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 120 ta shekarar 1964 kan tsaftar wuraren kasuwanci da ofisoshi, ta ce a samar wa ma'aikata isassun kujeru, a kuma ba su damar zama a kansu. Ku lura da wannan ƙarin, don kujerar da aka hana zama a kanta ba ta warkar da kowa. A jihar Kerala ta Indiya, mata masu aiki a kantunan tufafi, ƙarƙashin jagorancin wata tela mai suna Viji a birnin Kozikod, sun yi shekaru suna fafutuka kafin a gyara dokar jihar a 2018 a ba su 'yancin zama. Meziko ta zartar da tata dokar kujera a ƙarshen 2024. Abin da masu kanti da yawa suka riƙa faɗa shi ne, wai masu saye za su ga lalaci, kuma bayan an sa kujerun kantunan sun ci gaba da ciniki. Matar da ta zo kitso, abin da za ta duba a madubi shi ne ko tsagar ta miƙe, ko kitson ya kwanta. Hannun da ƙafarsa ke raɗaɗi kuwa shi ne ke gaggawa, ya ja gashi, ya karkace layi.

Wani mai lura zai ce, ai zama ma yana da nasa ciwo, masu kitson gargajiya da masu lalle suna kukan baya da wuya da kwankwaso. Wannan gaskiya ce, kuma ba na cewa a musanya wuni a tsaye da wuni a zaune. Abin da jiki ba ya so shi ne daɗewa a hali guda. Kitson ƙeya da na gefe, da ƙarasa jelar ƙarin gashi wadda ita ke cin mafi yawan lokaci, duk ana iya yinsu a zaune a kan kujera mai tsayin da ya dace, yadda kan da ake kitsawa zai zo daidai ƙirjin mai aiki, ba ta ɗaga kafaɗa ba, ba ta duƙa ba. In an zo tsakiyar kai, a saukar da wadda ake yi wa kitson kan 'yar gajerar kujera ko matashi a ƙasa, kamar yadda aka saba a gida. In aikin ya zama dole a tsaye, kamar wankin gashi ko gyaran fuska da kilifa, a ajiye bulo ko guntun katako a gindin kujera, a ɗora ƙafa ɗaya a kai, bayan ɗan lokaci a sauya. Duk rabin awa a motsa: a je a ɗauko mataji da kai maimakon a aiki yarinya, a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu sau goma ko ashirin, abin da ba zai tsayar da hannu daga aiki ba. Lokacin salla ma rahama ne ga ƙafa, akwai tafiya, akwai wanki da ruwa, akwai zama da lanƙwasa yatsu, don haka shagon da ke jinkirta wa yara salla saboda layi ya yi hasara biyu.

Sai maganar daɓe da takalmi, kuma a nan dole a yi magana da sanin Ladji. Unguwa ce ta bakin ruwa. Ga ruwan sama na Afrilu zuwa Yuli, ga cikar tafki a watannin Satumba da Oktoba in kogin Weme ya kawo ruwa daga arewa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san dalilin da ya sa kowa ke ɗaga daɓen shagonsa da siminti, ya kuma san dalilin da ya sa silifar roba ta zama takalmin kowa. Ba wanda zai ce ki ratsa ruwa da takalmi mai tsada. Abin da ake cewa shi ne a raba: silifa ta hanya, wani takalmi kuma na aiki da ke kwana a shago, ba ya taɓa ruwa. Ga yadda za ki gwada shi a gaban mai sayarwa, ko da na gwanjo ne. Ki kama shi da hannu biyu ki lanƙwasa. In ya naɗe a tsakiya ki ajiye, wanda ya dace a wajen yatsu kaɗai yake lanƙwasawa. Ki matsa bayansa da yatsa, ya kasance da tauri yana riƙe dunduniya. Ƙasansa ya yi kauri da laushi, bayan ya ɗan ɗara gaban tudu, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, gaban kuma da faɗin da yatsu za su sake. Ki je saye da yamma lokacin da ƙafa ta riga ta ɗan kumbura, kada ki saya da safe ya matse ki da la'asar. Rufaffen takalmi yana da wani amfani da masu aski suka sani: guntun gashin da kilifa ya yanke yana da kaifi, yana shiga fatar ƙafa ya yi ƙurji, ga kuma man miƙar da gashi da ke ƙona fata in ya ɗiga. A inda ake tsayuwa kuma a shimfiɗa wani abu mai kauri, tabarmar roba mai laushi ko guntun darduma, wanda ba ya zamewa. Bayan alwala ko ratsa ruwa a tsane tsakanin yatsu da kyau, don damshin nan shi ke kawo ƙaiƙayi da farin sassaɓewar fata, daga nan ƙwayar cuta ta sami ƙofa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato ƙwaya. Mai kitso ba ta da albashi, ranar da ba ta tsaya ba babu cefane, saboda haka sai ta aiki yarinya a sayo mata ɗan jan nan ko ɗan farin nan, ta haɗiye ta koma aiki. Diklofenak da ibuprofen suna kashe zafi, wannan ba ƙarya ba ne, kuma likita kan ba da su na 'yan kwanaki. Amma shan su kullum, wata da watanni, sau da yawa ba a ci komai ba, yana cin tumbi har ya yi gyambon ciki, yana tayar da hawan jini, yana lalata ƙoda. Tiramadol yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Akwai kuma waɗanda ake haɗawa a ƙulle a leda, a ciki har da irin ƙwayar nan da ke kumbura fuska, wadda in an daɗe ana sha take tayar da sukari ta raunana ƙashi. Mutanen Kwatano ba su manta da Fabrairun 2017 ba, lokacin da hukuma ta dirar wa Adjegounle, ɓangaren magunguna na Dantokpa, ta kwashe kaya tan-tan, saboda magungunan da ba a san asalinsu ba. Ko da ƙwayar ta gaskiya ce, abin da take yi shi ne ta rufe bakin ciwon, jijiya kuwa tana ci gaba da ja. Jiki magayi ne, ya faɗa maka abu, ba a toshe masa baki. Haka nan akwai masu cewa sanyin tafki ne, ko an taka wani abu ne. Ga gwaji mai sauƙi: ki lura da ƙafar a ranar da ba ki buɗe shago ba, ki lura da ita washegarin jajibirin sallah. In ciwon yana hawa yana sauka tare da awannin tsayuwa, to kin ga mai laifin. Addu'a kullum tana da muhallinta, amma ina roƙon iyayenmu wanzamai da girmamawa, kada a yi tsaga ko ƙaho a kan ƙafar da jijiyoyinta suka kumbura, ko ƙafar mai ciwon sukari, don irin wannan rauni yana da wuyar rufewa.

Wanda ciwon ya riga ya kama, ga abin da ya fi ƙwaya amfani, kuma kyauta ne. Da asuba, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, ki zauna bakin gado, ki ɗora ƙafa mai ciwon a kan gwiwar ɗayar, ki kama yatsun da hannu ki janyo su baya wajen ƙwauri har ki ji jijiyar tafin ta miƙe, za ki iya taɓa ta da ɗaya hannun ki ji ta yi tauri. Ki ƙirga goma, ki saki, ki maimaita sau goma. A yi haka sau uku a rana. Sannan ki fuskanci bango ki dafa shi, ƙafa mai ciwo a baya a miƙe, dunduniya a ƙasa, ki karkata gaba har ki ji sha-raɓa ta ja, ki riƙe rabin minti. Binciken Riddle ya nuna cewa taurin idon sawu shi ne ma babban abin da ke tare da wannan ciwo. Da dare ki mirgina kwalbar ruwan sanyi a ƙarƙashin tafin ƙafa minti goma, sannan ki kwanta ki ɗora ƙafafu a kan matasai ko jikin bango, su ɗara ƙirji tudu, minti goma sha biyar. Abin yana son haƙuri, makonni ne ba kwanaki ba.

Akwai kuma alamun da ba a zama da su a gida. Ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, sha-raɓa tana zafi tana ciwo, balle a haɗa da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, wannan yana iya zama gudan jini, a tafi asibiti a ranar. Mai juna biyu da kumburi ya hau mata fuska da hannu, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, a gaggauta gwada jininta. Ƙafar da ke mutuwa, ko take zafi kamar wuta da dare, ko aka ji rauni ba a sani ba, ko ciwon da ya yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, a gwada sukari. Kumburin da ba ya saɓewa ko an kwana, wanda in ka danna da yatsa ramin ke daɗewa bai cike ba, a duba zuciya da ƙoda. A fara da asibitin unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura babban asibitin koyarwa na Hubert Maga. In kin je, ko ba a tambaye ki ba, ki faɗi sana'arki da awa nawa kike yi a tsaye.

Na bar maganar 'yan koyo a ƙarshe saboda su ne ba su da bakin magana. Mai shago in ta gaji za ta iya jawo kujera, ba mai hana ta. Yarinyar da iyayenta suka kawo, suka biya kuɗin koyo, take jiran shekara uku ko fiye kafin a yaye ta a yi mata biki, ba za ta zauna ba sai an ce ta zauna, ba za ta ce ƙafarta na ciwo ba don kada a ce ba ta son aiki. Dokar ƙwadago ta Benin ta 1998 ta yarda a fara koyon sana'a daga shekara 14, shekarun da ƙashi bai gama ƙosawa ba. Tun 2005 kuma ƙasar nan tana da takardun shaidar sana'a na CQP da CQM, ana koya wa yara tsaga da yanka da tsaftar kayan aiki. Ya kamata ƙungiyoyin masu gyaran gashi su sa yadda ake tsayuwa da zama da zaɓen takalmi a cikin abin da ake koyarwa, don sana'ar da za ta ci ƙafar mai ita kafin ta kai shekara arba'in ba a gama koyar da ita ba. In kuɗi ne abin ji, Hajiya, ki tambayi kafinta kuɗin 'yar kujerar katako, ki kwatanta da abin da kike rasawa in gwanar shagonki ta kwanta mako guda ana tsakiyar cinikin sallah. Amanar 'ya'yan mutane ce a hannunki. Yau in kin rufe shago ki ƙirga masu aiki, ki ƙirga kujerun da suke da damar zama a kai, ki cike gurbin kafin sallar da ke tafe, kuma ki faɗa musu da bakinki cewa kin yarda su zauna. Ke kuma 'yar'uwa da kike zuwa a yi miki kitso, in kin ga yarinya ta yi awa biyu a tsaye a kanki, ki ce da ita ta jawo kujera.